Rigar da Ajimi Ya Tuɓe wa Soron Madu

Daga kwaltar da ta haɗa Nguru da Gashuwa akwai wata 'yar hanyar ƙasa da take karkata kudu, ta ratsa gonakin gero, ta gangara fadama. A ƙarshenta tudu ne guda ɗaya tak, a kan tudun kuma gida. Mutanen wurin ba sa ce masa gida. Soron Madu suke cewa, kuma ƙauyen da ke gindin tudun ma da wannan suna aka san shi.

Madu ɗan kasuwa ne, mai sayen ƙaro da fatu. Ya gina gidan 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru, lokacin da raƙuma ke yada zango a nan kafin a kai kaya tasha. Ɗaki goma sha ɗaya ya yi, da zaure biyu, da babban soro a tsakiya mai taku goma sha huɗu a tsawo, tara a faɗi. Kaurin bangon soron daga ƙasa kamu uku ne. Rufinsa azara ce ta giginya, an jera ta baka-baka an lulluɓe da ƙasa, babu ƙusa ko ɗaya a ciki. Da tsakar rana a watan Afrilu, idan mutum ya shiga, sai ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya.

Yau ɗaki huɗu ne a tsaye, sai zaure ɗaya, sai soron. Jikokin Madu sun watse, wasu Nguru, wasu Gashuwa, wasu Kano. Mutum biyu ne ke zaune a gidan, Ajimi magini da matarsa Bintu. Ba jinin Madu ba ne, kuma babu wata takarda da ta ce su zauna.

Shekarun Ajimi saba'in da uku ne a faɗar Bintu, saba'in da ɗaya a faɗarsa. Kakansa na cikin waɗanda suka buga tubalin gidan, mahaifinsa ya gaji kula da shi, shi kuma a ɗakin baya aka yanke masa cibiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da zanen Barebari a kumatu wanda tsufa ya fara haɗiyewa. Abin da baƙo zai fara lura da shi a jikinsa shi ne ƙafa. Tafinta faffaɗa ne, yatsun a warwatse, kuma bai yarda da takalmi mai rufi ba ko ranar Idi.

Da ƙafar nan ya koyi aiki. A da, kowace shekara idan bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana yi wa gidan sabon yaɓe. Gayya ce ta ƙauye baki ɗaya. Maza su haƙo ƙasa a bakin fadama, a zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a tattake, a rufe ta kwana bakwai ta ruɓa. Mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake sarowa a kasuwar Nguru, wanda jan ruwansa ke hana ruwan sama cin bango. Sai a kafa tsani a shafa da tafin hannu, daga sama zuwa ƙasa, kwana uku a jere. 'Ya'yan Madu su kuma su yanka akuya, a tuƙa burabusko, a yi miyar kifi.

Akwai kuma aikin da ba na gayya ba. Washegarin ruwan farko, magini shi kaɗai yake hawa rufin soro ba takalmi, ya bi shi taku-taku daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin dunduniya, nan ruwa ya sami hanya, sai ya durƙusa ya toshe tun tsagar ba ta fi zare kauri ba. Mahaifin Ajimi ya yi shekara arba'in yana wannan hawa. Ranar da gwiwa ta hana shi, sai ya tsaya a gindin tsani ya ce wa ɗansa, "Hau. Kada ka tsaya dube-dube, ba abin da za ka gani. Ka saurari ƙafarka kawai."

Ba duk rayuwarsa Ajimi ya yi a kan tudun ba. Yana saurayi ya gudu Nguru ya yi dako a tashar jirgi, daga nan ya wuce Gashuwa ya koyi ginin bulo. Shekara tara ya yi can yana gina shaguna da azuzuwan makaranta, har ya yi suna wajen iya filasta. Can ya auri Bintu. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo, domin an aiko masa cewa an yi ruwan farko har sau biyu ba wanda ya hau soro. Ya ce zai zauna damina ɗaya ne. Bai sake komawa ba.

Wannan iya filasta da ya koyo a Gashuwa, ita ce ta zo ta kama shi daga baya.

A damanar 2012 kogi ya cika ya batse. Ciyawar kacalla ta riga ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, sai ya juyo ya shiga ƙauye. Mutane sama da ɗari biyu suka hau tudu da awakinsu da buhunan geronsu, suka yi kwana goma sha tara a cikin soron da ɗakunan da ke kewaye da shi. A cikin soron aka haifi yarinya ɗaya, a cikinsa aka yi wa wani tsoho wanka aka sallace shi. Da ruwa ya janye, Alhaji Yunusa, autan Madu kuma babba a cikin magadan da suka rage, ya zo daga Nguru ya zagaya gidan. Ya tara dattawan ƙauye a zaure ya ce, "Gidan nan ya rufa wa mutane asiri, mu ma za mu rufa masa. Za mu sa masa riga wadda ba sai an sake ta kowace shekara ba."

Rigar ita ce siminti. Kowa ya yi murna. Mutanen ƙauye suka ɗauki nauyin yashi da ruwa don nuna godiya, mata suka yi ta jigila da bokitai har kwana ashirin. Ajimi ne ya riƙe cokalin gini. Ba wanda ya tilasta shi, kuma bai yi gardama ba ko da kalma ɗaya. Ya shafe bangon soron ta waje, duk fuska huɗu, ya goge shi sumul har rana na ƙyalli a jikinsa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga Jakusko. Shi da bakinsa yake cewa a ransa ya ji daɗi, domin karon farko ke nan da aka yaba aikinsa a gidan ba a ambaci mahaifinsa ba.

Ranar da aka gama, siminti na ɗanye a bangon gabas, Alhaji Yunusa ya tsinko tsinke ya rubuta sunansa da shekarar, sannan ya danna tafin hannunsa na dama a ƙasan rubutun. Bayan shekara uku ya rasu.

Gayya ta mutu daga wannan shekara, tunda ba a yaɓe a kan siminti. Yaran da aka haifa bayan ambaliyar suka taso ba su taɓa ganin an jiƙa makuba ba. Ajimi ya ci gaba da hawa rufi bayan ruwan farko, domin rufin ne kaɗai aka bari da ƙasarsa. Shekara huɗu bai ga komai ba. A ta biyar ya fara jin wari a cikin soron, irin warin rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Sai farar kanwa ta fara fitowa a gindin bango ta ciki. Wata rana ya ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa, sai ya ji ya amsa masa kamar ƙwaryar da aka kifa.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. Zafin rana yana tsaga siminti, kuma siminti ba ya kama ƙasa ya zauna, a hankali yake rabuwa da ita. Ruwan sama ya shiga ta tsagar daga sama. Danshin fadama ya hau daga ƙasa, tunda yanzu ruwa kan yi wata uku yana kwance a gindin tudu. Bangon ƙasa idan ya jiƙe, iska da rana ke shanya shi cikin kwana biyu. Wannan kuwa an rufe shi ruf. Ruwan da ya shiga ba ya fita.

A damanar 2022, da ambaliya ta sake zuwa, ɗakuna uku na kudu, waɗanda su ma aka yi musu rigar daga baya, suka zube da la'asar ɗaya. Allah ya sa mutanen da suka fake a cikinsu sun fito tsakar gida. Ajimi yana tsaye ya gani. Ƙasar ce ta fara zubewa ta ciki, simintin ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci kamar ɓawon ƙwai da aka shanye, sannan ya bi ta.

Tun daga ranar ya shiga ƙwanƙwasa bangon soro kowace safiya, yana zana gawayi a inda ya ji kogo. A bazarar bana gawayin ya kusa cinye bangon gabas, wanda shi ne ke tarar hadari da ƙirji.

A haka Hamajoɗa ya same shi wata safiya. Hamajoɗa Bafulatani ne da ke da ruga a gefen fadama, sa'an Ajimi, kuma tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba, kamar yadda Fulani da Barebari suka gada.

"Bawana, me kake ta ƙwanƙwasawa?" in ji Hamajoɗa. "Aljanun Madu ba sa buɗe wa Babarbare ƙofa."

"Matso ka sa kunne, idan kukan shanu ya bar maka saura."

Hamajoɗa ya jingina sandarsa, ya manna kunne a bango. Ajimi ya buga sau uku.

"Wannan ai ganga ce," in ji Hamajoɗa. "Ina bangon ya tafi?"

"Yana ciki, yana ruɓewa. Idan ba a tuɓe masa rigar nan ya sha iska kafin ruwa ba, bana zai kwanta."

"Wane mara hankali ne ya sa masa ita?"

"Ni."

"Alhamdu lillahi, ba sai na je nesa neman mai laifi ba. To me kake jira?"

"Gidan ba nawa ba ne."

"Kashin shanuna ma ba naka ba ne, amma shekara talatin kana kwasa ba ka taɓa sallama ba."

Ranar kasuwa Ajimi ya hau akori-kura zuwa Nguru. Wanda ke riƙe da maganar gidan yanzu shi ne Alhaji Munzali, babban ɗan marigayi Alhaji Yunusa, dillalin bandar kifi, mutum mai kimanin shekara hamsin. A bayan Ajimi ya koyi hawa tsani yana yaro, kuma har yau idan ya gan shi sai ya miƙe tsaye. Ya sa aka goge masa benci a tsakanin kwalayen banda, aka kawo shayi. Suka gaisa, aka tambayi Ya Bintu, aka tambayi zafi.

"Alhaji, na zo ne a kan soro," in ji Ajimi. "Ina so in cire simintin nan."

Munzali ya ajiye kofinsa. "A cire a sa sabo?"

"A cire a bar shi da ƙasarsa. A ƙwaƙule abin da ya ruɓe, a cike da tubali, a yi yaɓe yadda aka saba."

"Baba, wa ya shafa simintin nan?"

"Ni na shafa."

"Ka ce siminti, muka ce to. Yau ka ce ƙasa. Idan muka ce to, bayan shekara goma me za ka ce?"

"Bayan shekara goma ba ni za ka tambaya ba. Kuskure na yi, Alhaji. Na yi shi da hannun nan, ina so in gyara da shi tun yana ɗaguwa."

Wani ya leƙo da maganar mota, Munzali ya ɗaga masa hannu ya koma.

"Baba, ka san abin da ke jikin bangon gabas. Aikin ƙarshe ke nan da mahaifina ya yi da ƙarfinsa. Duk sallah idan na zo, can nake fara zuwa in ɗora hannuna a kan nasa. Ƙannena ma haka. Kana so a ce bayan ransa na ba da izini an sa masa guduma?"

"Bangon da hannun yake jikinsa shi ne zai faɗi."

"Na kawo injiniya ya duba bara. Ya ce nauyin rufin ne ya yi yawa. Bayan damina za a sauke ƙasar da azarar, a sa ginshiƙan bulo, a rufa kwano."

"Idan ka sauke azara ka rufa kwano, sito ka gina, ba soro ba. Kuma ba zai kai bayan damina ba. Injiniyan naka ya ƙwanƙwasa bangon?"

"Ya ɗauki hoto."

"To."

Munzali ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali, yadda na kusa ba za su ji ba. "Ina jin kunyarka, Baba, Allah ya sani. Amma kada ka taɓa. Idan ka taɓa, sai dai ku koma Gashuwa wajen 'yarku. Ba zan iya tare ƙannena ba."

Ajimi ya shanye shayinsa tas, ya yi godiya, ya ƙi karɓar bandar da aka ɗaure masa. Kafin ya hau mota ya biya wajen maƙera aka wasa masa cizal biyu na sassaƙar siminti.

Bintu na tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya shigo. Ba ta ɗago ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in taɓa. Idan na taɓa mu kwashe kayanmu."

"Yaushe za ka fara?"

"Gobe."

"To makuba tana randa tun shekaranjiya. Na sa an saro mini tun wancan makon." Ta kaɗa rariya. "Kayan namu duka amalanke ɗaya ne, Malam. Ba abin tsoro ba ne. Ni dai kada ka faɗo mini daga tsani in rasa wanda zan yi wa faɗa."

Bai fara da guduma ba. Kwana biyu ya yi a gaban rubutun Alhaji Yunusa, yana sassaƙa layi da cizal a kewayensa, kaɗan-kaɗan, kamar mai fiƙe alƙalami. Da ya zagaye shi, sai ya tara faffaɗan katako a gaba, Hamajoɗa ya riƙe gefe ɗaya yana mitar cewa Fulani ba su gaji dako ba, suka zare falan simintin gaba ɗaya. Kamu biyu ne a tsaye, ɗaya da rabi a kwance. Ko ɗan yatsa ɗaya bai gutsure ba. Bintu ta kawo zanen da take zuwa biki da shi aka naɗe shi, aka shigar da shi soro.

Rana ta uku ya ɗauki guduma. Simintin bai yi gardama ba. Bugu ɗaya sai falle mai girman tabarma ya ɓallo. Kafin azahar rabin bangon gabas ya tuɓe, kuma kafin azahar ɗin wani a ƙauye ya buga waya Nguru.

Munzali ya iso da la'asar a bayan babur, domin motarsa ba ta iya yashin hanyar. Bai yi sallama ba. Mutanen ƙauye sun biyo shi sun tsaya nesa-nesa. Ya dubi tarin fasasshen siminti, ya dubi Ajimi a kan tsani, fari fat da ƙura har gira.

"Baba, sauko."

Ajimi ya sauko a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya.

"Ina hannun mahaifina?"

"Yana ciki. Zo."

A cikin soro Ajimi ya kwance zanen. Munzali ya durƙusa, ya bi rubutun da yatsa harafi-harafi, ya duba gefe da gefe. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta sauko ba.

"Na ce kada ka taɓa."

"Ka ce. Na ji ka sarai, ba zan ce ban ji ba. Kayanmu a ɗaure suke, Bintu ta gama tun jiya. Abu ɗaya nake roƙo kafin mu tafi. Ka ce duk zuwanka kana ɗora hannu a inda nasa yake. Zo ka ɗora yau ma."

Ya ja shi waje zuwa gurbin da aka zare falan. Ƙasar wurin baƙa ce, ba ja ba. Munzali ya naɗe hannun riga ya ɗora tafinsa. Bai danna da ƙarfi ba. Hannun ya nutse har wuyansa. Ya ƙara turawa, ya shige har kusa da gwiwar hannu. Da ya zaro, baƙin taɓo ne mai sanyi, yana wari, da gara tana bin yatsunsa.

"Yau wata shida da kwana goma rabonmu da ruwan sama," in ji Ajimi. "Wannan na damanar bara ne, da na bara waccan. Abin da ke bayan hannun mahaifinka ke nan. Ba shi ya yi ba, ni na yi. Shi alheri ya nufa."

Bintu ta kawo buta ta ajiye a gabansa. Munzali ya wanke hannu, ya sake wankewa, ya tsaya yana kallon ramin.

"Saura nawa a bangon?"

"Inda ya fi lalacewa, kamu biyu cikin uku. Zai ɗauka, idan ya sha iska mako biyu aka cike shi."

"Gabas kawai," in ji Munzali daga ƙarshe. "Tunda ka riga ka fasa. Sauran fuska ukun ka bar su yadda mahaifina ya bar su. Kuma idan gabas ɗin ta faɗi a damanar nan, Baba, babu sauran magana tsakanina da kai a kan gidan nan."

"Idan ta faɗi ba sai ka wahala da korata ba. A gindinta nake shimfiɗa tabarmata."

Munzali ya koma cikin soro, ya ɗaga falan da kansa, ya jingina shi a cikin alkukin da ke bangon yamma, inda Madu ke ajiye fitila. Ya hau babur ya tafi bai ce a kwance kaya ba, bai kuma ce a fita ba. Bintu ta kwance.

Saura hannaye. An yi shelar gayya a masallaci, ranar farko mutum tara suka zo, mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara hamsin. Matasan suna fadama wajen shinkafar rani, waɗanda ke gida kuma suka ce ba su san yadda ake yi ba. Da yamma Bintu ta yafa mayafi ta gangara ƙauye. Ba ta roƙi kowa ba. Gida-gida ta bi tana tuna wa mutane kusurwar da kowa ya shimfiɗa tabarma a ambaliya ta farko da ta biyu. Ta tsaya a ƙofar matar da ta haihu a soron ta ce, "Ke kam ban zo kiranki ba, na zo ne in ji ko bana kin sami wani tudun." Washegari mutum talatin da ɗaya suka hau.

Aikin ya ci mako biyar. An ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar ƙasa amalanke goma sha bakwai. An buga tubali aka shanya, aka cike ramukan sahu-sahu, ana barin kowane sahu ya bushe kafin a ɗora wani. Hamajoɗa ya kawo kashin shanu har ƙofa, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa yau shanun Fulani ne ke riƙe da gadon Barebari. Ajimi ya koya wa magidanta 'yan shekara talatin yadda ake shafa yaɓe da tafin hannu, yana kama hannunsu yana ja. Ba a yanka akuya ba. Bintu ta dafa wake da kunun tsamiya. Ana cikin mako na huɗu wata akori-kura ta sauke buhun makuba biyu a bakin kwalta, direban ya ce daga kasuwar kifi aka ba shi, ba a haɗa da wani saƙo ba.

Ruwan farko ya zo a tsakiyar watan Yuni, da la'asar, daga gabas kamar kullum, da iska a gabansa. Ya yi awa ɗaya da rabi yana dukan sabon yaɓen. Ajimi ya zauna a cikin soro, bayansa jingine da bangon, har aka ɗauke.

Da safe ya kafa tsani. Hamajoɗa ya riƙe masa.

"Idan ka faɗo, ka faɗo can gefe," in ji shi. "Rigata sabuwa ce."

"Riƙe da kyau, yau ne ranar da za ka yi amfani a duniya."

Gwiwa ta sa ya huta sau biyu kafin ya kai. Ya bi rufin taku-taku, ya sami laushi a wuri huɗu, ya toshe. Sannan ya leƙa ta saman bangon gabas. Ruwa ya wanke yaɓen kamar kaurin ɗan yatsa, wanda shi ne aikin yaɓe. Kafin azahar ɗin washegari bangon ya bushe, ya koma ja.

Bangon ya tsaya a Yuli, ya tsaya a Agusta lokacin da ruwa ya sake kewaye tudun, iyalai goma sha biyu suka hau suka yi kwana takwas. A cikin waɗannan kwanaki ne wani falle mai girman ƙyaure ya ɓallo da kansa daga bangon arewa, wanda aka ce a bari, ya faɗi a kan turken awaki. Ko akuya ɗaya ba ta mutu ba. Bayansa baƙin taɓo ne. An aika wa Munzali labari, har yau bai ce komai ba. Maganar kwano ma ba a sake tayar da ita ba, amma ba a ce an fasa ba.

A farkon watan Nuwamba, da ƙasa ta bushe, Hamajoɗa ya biyo da shanunsa ta gindin tudu ya ji ƙarar guduma. Ya hau ya tarar da tsani a jingine da bangon arewa, Ajimi a kai, siminti na zuba.

"Bawana, Alhaji ya ba da izinin wannan?"

"Bai hana ba."

"Ka tambaye shi?"

"Da na tambaye shi ai da ya hana." Ajimi ya gyara tsayuwa, ya sa bakin cizal a wata tsaga. "Matsa daga nan, wannan babba ne. Kuma ka faɗa wa shanunka su ƙara cin ciyawa. Saura fuska biyu bayan wannan."